Robar ruwan zafi a kan ciwon haƙori, ga yadda muka kwashe da ita

Jama'a wannan robar ruwan zafin da ake saidawa a kemis, mai cin lita 2 ɗin nan mai 'yar riga a jiki, ni dai don sanyin hunturu na saye ta, amma da haƙorina na turmi ya tasa ni gaba sai na ce bari in gasa kuncina da ita, tunda dama gashi ne irin wanda iyayenmu ke yi da tsumma da ruwan zafi, illa dai ita ba ta saurin hucewa kuma ba ta jiƙa maka filo.

Gaskiya ta riƙe ɗumi sosai. Ba tafasasshen ruwa ake ɗura mata ba, ka bari ya ɗan sha iska, kar ka cika ta fam, ka matse iskar ciki kafin ka murɗa murfin, sannan minti 15 zuwa 20 ya isa, kar a yi barci a kanta, fatar fuska ba ta da juriya.

Inda ta yi min rana shi ne muƙamuƙi, wannan riƙewar da yake yi in ka wuni kana cije baki saboda zogi, da ɗumin ya ratsa sai na ji wajen ya saki har na iya tauna tuwo. Amma shi haƙorin kansa ko a jikinsa, ina ɗaukewa zogin ke dawowa har cikin kunne.

Da na je wajen likitan haƙori ya leƙa, ya ce kogo ne kawai sai ciko, amma ya ja min kunne sosai, wai in dasashi ya kumbura ko ya tara mugunya, zafi ƙara jawo jini wajen yake yi, kumburin ya daɗa hawa, a nan ƙanƙara a cikin tawul ake so, in kuma har da zazzaɓi ko haɗiya na wuya to asibiti kai tsaye. Ni abin da ya riƙe ni kafin cikon ma parasitamol ne da kurkure baki da ruwan ɗumi da gishiri, sai kanumfari da nake ɗan dannawa a kogon.

Abin da ya ban haushi da ita warin roba, ya daɗe bai fita ba, ga shi kusa da hanci kake kanga ta. Murfin kam bai taɓa yoyo ba. Don ciwon baya da sanyi zan ƙara saye, don haƙori kuwa rabin aiki take yi.