Sharhi kan ɗakunan kwanan ɗalibai: wanne ya dace da ɗan shekarar farko?

Na zauna a manyan nau'o'in ɗakunan da jami'o'i ke ba sababbin ɗalibai: na mutum ɗaya, na mutum biyu, da na mutum huɗu zuwa sama. Hukuncina shi ne ɗakin mutum biyu, a hawa na tsakiya, nesa da matakala, shi ya fi dacewa da ɗan shekarar farko. Amma hukuncin yana da sharuɗɗa, kuma sharuɗɗan sun fi sunan ginin muhimmanci. Yawancin sababbin ɗalibai da hoto suke zaɓe: fenti sabo ne, falon hutawa yana da kujeru masu kyau, shi ke nan sai a cike fom. Bayan mako uku babu mai ƙara kallon fentin. Abin da zai dami ɗalibi kullum shi ne ko ya samu barci, ko ya samu wanka kafin lacca, da kuma tsawon tafiyar da ke tsakaninsa da aji.

Bari in fara da banɗaki, domin nan ne ake yawan cutuwa kuma nan ne takardar talla ke yin shiru. Kada ka tambayi ko akwai banɗaki. Tambayi mutum nawa ne ke amfani da shawa ɗaya, kuma shawa nawa ce ke aiki a yau, ba nawa aka gina ba. Lissafin mai sauƙi ne. A ce baranda ɗaya tana da ɗalibai 24 da shawa uku. Kowace shawa mutum takwas ke nan. Idan kowa ya ɗauki minti takwas, na ƙarshe a layi zai jira kusan awa guda. 'Yan shekarar farko kuwa galibi darussansu na gama-gari ne, lokacin fitarsu ɗaya, don haka layin a lokaci guda yake haɗuwa. Shawa ɗaya ta lalace, lissafin ya koma mutum 12 a kowace. A ganina, duk inda adadin ya wuce mutum shida a shawa ɗaya, sai ka shirya tashi da wuri ko ka mai da wankanka na dare.

Banɗaki na cikin ɗaki yana da daɗi, amma ba kyauta yake zuwa ba. A wurare da yawa masu shara suna wanke na baranda ne kawai, na cikin ɗaki kuwa aikin mazauna ne, kuma wankinsa na cikin abubuwan da suka fi haɗa abokan ɗaki faɗa. Sannan idan ba shi da taga ko fankar zuƙe tururi, danshin ɗakin kwana yake komawa, ya kama bango da bayan kabad. Ka duba kusurwar silin da gefen taga. Baƙin tabo ko fentin da ya kumbura alamar fumfuna ce, kuma sabon fenti yana rufe ta ne na ɗan lokaci kawai. Hanci ya fi ido gano ta: ɗakin da ke warin rima lokacin da aka buɗe ƙofa, ka bar shi, musamman idan kana da asma.

Hawan bene ma ba abin da za a bar wa sa'a ba ne. Hawa na ƙasa yana da sauƙin shigar da kaya, amma duk mai shiga da fita ta gabansa yake bi, tagarsa ce mafi sauƙin leƙe da miƙa hannu, kuma ƙwari da laima can suka fi yawa. Hawa na ƙarshe ba ka da mai taka maka kai, wannan gaskiya ne, sai dai rufin yana shan rana yini guda ya sauke maka zafin da dare. Akwai kuma matsalar da mutane ba sa hangowa. Idan ginin da tankin da ke kan rufi yake samun ruwa, ƙarfin ruwan ya danganta ne da tazarar da ke tsakanin tankin da famfo, don haka wanda ya fi kusa da tankin shi ya fi samun ruwa mara ƙarfi. Shi ya sa shawar hawa na ƙarshe take ɗiga yayin da ta ƙasa ke feshi. Hawa na biyu ko na uku ya tsira daga yawancin waɗannan, kuma ana iya hawansa da ƙafa ran da lif ya tsaya. Tagar da ke kallon yamma tana ɗaukar ranar la'asar, ɗakin ya yi zafi daidai lokacin da ka dawo daga aji. A ƙasa mai sanyi wannan riba ce, a mai zafi kuwa azaba.

Yanzu batun ƙara, wanda shi ne ya fi ci mini rai, domin yana cin sakamakon jarrabawa ba tare da ɗalibi ya gane daga ina matsalar take ba. Matashi yana buƙatar barcin awa bakwai zuwa tara. Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojinta na 1999, ta ce ƙarar da ke ɗorewa a ɗakin barci kada ta wuce desibel 30 (desibel ma'aunin ƙarfin sauti ne), ƙarar da ke faɗowa farat ɗaya kuma kada ta wuce 45. Hirar mutum biyu ta yau da kullum tana kaiwa wajen 60. Ke nan mutum biyu da suka tsaya hira a bakin ƙofarka da ƙarfe ɗayan dare sun isa su katse maka barci idan ƙofar siririya ce. Wuraren da ƙara ke taruwa sanannu ne: bakin matakala, gefen lif, kusa da kicin, falon kallo, ɗakin wanki, da ƙofar shiga mai bugawa da kanta. Ɗakin da ya raba bango da banɗakin baranda yana jin kukan bututu duk lokacin da aka ja ruwa. Idan an ba ka damar zaɓen lambar ɗaki, nemi taswirar hawan, ka zaɓi wanda ke da ɗakunan kwana a dama da hagu, sama da ƙasa. Ka ƙwanƙwasa bangon da yatsa. Idan ya yi amo kamar ganga, allo ne aka raba ɗaki da shi, har tarin maƙwabci za ka ji. Kuma idan da hali, ka ziyarci ginin da dare a tsakiyar zangon karatu. Ziyarar rana lokacin hutu ba ta nuna komai, gini ne babu mutane.

Ɗakin mutum ɗaya ya ci maki a barci da karatu, babu musu. Abin da ya sa ban sa shi a gaba ba shi ne makonnin farko ne lokacin da ake ƙulla sabo, kuma wanda ke da ƙofar da zai rufe shi kaɗai yakan rufe ta. Ba shi da wanda zai tashe shi ran da ya makara, ba shi da wanda zai lura bai fito ba kwana biyu saboda zazzaɓi. Ga wanda ke da larurar lafiya, ko wanda ƙaramin motsi ke hana shi barci, ɗakin mutum ɗaya shi ne daidai, kuma ya nemi ofishin kula da ɗalibai tun da wuri da takardar likita, don irin waɗannan ɗakuna kaɗan ne. Ga sauran, ya fi kyau a bar shi sai shekara ta biyu ko ta uku, bayan an yi abokai.

Ɗakin mutum huɗu zuwa sama ya fi sauƙin kuɗi kuma ba a kaɗaici a cikinsa, amma fili ne matsalarsa. Ɗauki ɗaki mai murabba'in mita 12. Gado biyu, tebur biyu da kabad biyu suna cinye kusan rabinsa, saura rabi na motsi. Ka sa mutum huɗu da gado mai hawa biyu: gadajen ba su ƙara cin wuri ba, amma tebura da kabad sun ninka, abin da ya rage bai kai murabba'in mita huɗu ba, a ciki kuma ƙofa za ta buɗe. Shi ya sa a irin waɗannan ɗakuna ake cire tebura, karatu ya koma kan gado ko laburare. Sannan jadawalin mutum huɗu ba ya taɓa haɗuwa, kullum akwai mai son kashe fitila da mai son kunna ta. Idan nan ka samu kanka, gadon ƙasa ya fi sanyi da sauƙin hawa, sai dai shi ne kujerar duk baƙon da ya shigo. Na sama naka ne kai kaɗai, amma ka tabbata yana da ƙarfen kariya a gefe kuma fankar sama ba ta kusa da kanka.

Takardar tambayoyin haɗa abokan ɗaki, inda ake da ita, tana aiki ne gwargwadon gaskiyar wanda ya cike ta. Mutane suna rubuta halin da suke fatan samu, ba wanda suke da shi ba. Mai kwana ƙarfe biyu ya rubuta ƙarfe goma, sai a haɗa shi da mai kwana ƙarfe goma na gaske, rikici ya tashi tun makon farko. Rubuta lokacin barcinka na ainihi, ko kana minshari, ko kana karatu da sauti, da yadda kake ji da baƙi. Kada iyaye su cike maka. Zama da tsohon aboki kuma ina ba da shawarar a yi tunani sau biyu, zo mu zauna zo mu saɓa ne, kuma gaya wa aboki ya kwashe kayan wankinsa ya fi gaya wa baƙo wuya. Ko da wa aka haɗa ka, ku yi magana a kwana ukun farko kan lokacin kashe fitila, aron kaya, baƙi da shara, tun ba a ɓata ba.

Nisa a auna shi da ƙafa, daga ƙofar ginin zuwa inda za ka fi yin darasi, ba zuwa ƙofar jami'a ba. Mutum yana tafiyar kimanin mita 80 a minti ɗaya, wato mita 800 minti goma ne. Zuwa da dawowa sau biyu a rana minti 40 ke nan, a zango mai mako 15, kwana biyar a mako, kuma awa 50. Ninka nisan, ka ninka asarar. Abin da ya fi lokacin ma shi ne ɗan ginin nesa ba ya iya komawa ɗaki tsakanin lacca biyu, kuma ran da aka yi ruwa shi ne farkon mai fashin aji. Ka bi hanyar da dare ka ga ko tana da fitilu da mutane, wannan ya fi shafar ɗalibai mata masu dawowa daga laburare.

Wutar lantarki tana da nata tarkon. Tsofaffin gine-gine an yi su ne kafin kowane ɗalibi ya zo da waya da kwamfuta, don haka soket biyu ne a ɗaki, sai kowa ya jona wayar ƙari, wani ma ya jona ƙari a kan ƙari. Wayar ƙari mai amp 13 a wutar bolt 230 tana ɗaukar kusan wat 3,000 ne, wat kuwa shi ne ma'aunin wutar da na'ura ke ja. Butar lantarki kaɗai tana jan wajen 2,000, ka haɗa ta da dutsen guga ka wuce iyaka. A ƙasashen da ke amfani da bolt 120, layi mai amp 15 wat 1,800 kawai yake ɗauka. Wannan ne dalilin da ya sa dokokin gidajen kwana ke hana kayan dumama, ba don a takura wa kowa ba. Ƙirga soket, ka duba ko akwai mai baƙin ƙuna a bakinsa. Ka nemi na'urar gano hayaƙi a silin, ka bi hanyar fita ta gaggawa da ƙafarka har waje. Ƙofar gaggawa da aka ɗaure da sarƙa da kwaɗo dalili ne isasshe na ƙin gini, komai kyansa. Intanet kuma a gwada shi a cikin ɗakin da ƙofa a rufe, don bangon kankare yana cinye siginar da ke da ƙarfi a baranda.

Akwai maganar lafiya guda da ba na son a tsallake. 'Yan shekarar farko da ke zaune a cunkushe a gidajen kwana suna cikin waɗanda haɗarin sanƙarau ya fi yawa a kansu, shi ya sa jami'o'i da dama ke neman shaidar riga-kafi. Allurar tana ɗaukar kimanin mako biyu kafin ta fara kariya, don haka a yi ta kafin ranar tarewa.

Yarjejeniyar zama a karanta ta kafin a biya. Makonni nawa ta ƙunsa? Wasu gine-ginen ana rufe su lokacin hutu, a ce kowa ya kwashe kayansa, abin da ke da wuya ga wanda gidansu ke nesa. Idan ka bar ɗakin a tsakiyar shekara, kuɗin sauran watannin yana kanka? Yaushe ake buɗe damar canjin ɗaki? Wurare da yawa ba sa karɓar buƙatar canji sai bayan makonnin farko, don haka zaɓin farko za ka zauna da shi ko ba ka so. A fom ɗin da ake jera zaɓi, cike dukkan gurabe da ginin da za ka iya zama a ciki, domin gurbin da ka bari fanko da abin da ya rage za a cike maka shi.

Ranar da ka karɓi makulli, kafin ka shimfiɗa zanin gado, ɗaga katifar ka bi ɗinkin gefenta da fitilar waya, ka duba mahaɗar katakon gadon. Ƙananan ɗigo baƙaƙe kamar na tawada kashin kuɗin cizo ne, kuma ƙwaron yana iya yin watanni bai ci komai ba, don haka zaman ɗakin babu kowa lokacin hutu bai kashe shi ba. Idan ka gani, kada ka shigar da akwatinka, ka nemi a canza maka ɗaki a take. Kayan da suka riga suka taɓa gadon a wanke su da ruwa mai zafin digiri 60 a ma'aunin Celsius. Bayan haka ka ɗauki hoton kowane tabo a bango, tsagewar gilashi, hannun kabad da ya karye da famfon da ke yoyo, ka rubuta su a takardar karɓar ɗaki, ka aika wa mai kula da ginin ta imel a ranar domin kwanan watan ya zauna. Duk ɓarnar da ba ta cikin wannan takarda, a ƙarshen shekara daga kuɗin ajiyarka za a cire ta.