Jama'ar Damagaram a yi hattara da masu "wanke resefta"

Salamu alaikum 'yan uwa, duk mai ɗan uwa da ke fama da ciwon sukari don Allah ya karanta wannan ya tura gaba. Akwai wasu samari da ke yawo cikin gari da kwamfuta da wata 'yar na'ura, an gan su wajen Kasuwar Dole, yanzu har gida-gida suke bi a Birni da Zango. Za su ba ka wani ƙarfe ka riƙe a hannu, ba a ɗibi jini ba ba komai ba, sai su nuna maka allo ja su ce wai resefta ɗin jikinka, wato wuraren da ƙwayoyin jiki ke karɓar saƙo, sun toshe da datti, ga garin da zai wanke su jikka 25, kuma ka aje allurar insulin. In ka kawo musu mutum uku a rage maka kuɗi.

Kalmar resefta dai gaskiya ce, da ita suke cin kasuwa. Ƙwayoyin jikinmu suna aika wa juna saƙo ta sinadarai. In ka ci tuwo sukari ya hau a jini, wata gaɓa da ke bayan tumbi, pankireyas, sai ta saki insulin, shi kuma ya bi jini ya je ya manne da resefta ɗinsa a bangon ƙwayar tsoka da ta kitse, kamar makulli da kwaɗo, daga nan ƙwayar ta fito da ƙofofin shigar sukari da ake kira GLUT4. Mai ciwon sukari nau'i na 2 insulin ɗin yana zuwa amma ƙwayar ba ta amsa saƙon da kyau, ba wani datti da ya toshe wurin balle a wanke. Mai nau'i na 1 kuwa jikinsa ya daina yin insulin ɗin gaba ɗaya, to ko resefta ɗin ya fi madubi tsabta wa zai kawo saƙon? Irin wannan in ya bar allura kwana kaɗan sai amai, numfashi sama-sama, suma, Allah ya kiyaye. Kafin a gano insulin a Toronto a 1921 wannan ciwon kashe yara yake yi kawai.

Sun kuma ce wai garin nasu akwai insulin na ganye a ciki. Haba malam! Insulin furotin ne, in ka haɗiye shi ciki narkar da shi zai yi, shi ya sa ake yin sa da allura.

Abin da ya fi ban tsoro, an sha kama irin waɗannan magungunan a ƙasashe da dama an cakuɗa musu glibenklamid a ɓoye, maganin da ke tilasta wa pankireyas sakin insulin. Mutum ya auna ya ga sukari ya sauka ya ce ai yana aiki, ya ƙara cokali a kan wanda likita ya rubuta masa, sai zufa da karkarwa da faɗuwa, tsofaffi abin ya fi yi wa illa.

Awon gaskiya na jini ne, da safe ba a ci komai ba, in sukarin ya kai giram 1,26 a lita har karo biyu shi ne ake maganar ciwon sukari, kuma ana yin shi a babban asibitin Zinder. Wanda ya riga ya saya kar ya zubar, ya ɗauki ledar ya kai wa likitansa ya gani, kuma ya koma kan allurarsa yau ɗin nan.