"A saka tiritimen?" Abin da ya kamata ka sani kafin ka ce eh

Duk wanda ya taɓa tsayawa yin juye a tashar Gumel, ko a bakin kasuwar Wudil ranar Juma'a, ya san wannan tambayar. Yaron shago ya gama zuba baƙin mai, sai ya ɗago wani ɗan gwangwani ya ce, "Alhaji, a saka tiritimen?" Tiritimen ɗin nan wani ƙarin sinadari ne da ake zubawa a cikin baƙin mai. Yawancinmu mukan ce a saka, don kada a ce muna yi wa mota rowa.

Baƙin man da ke cikin galan rufaffe ba mai ne zalla ba. Tun daga kamfani an haɗa shi da sinadarin wanke datti, da wanda ke riƙe baƙin hayaƙi kada ya dunƙule, da wani mai suna ZDDP da ke hana ƙarfe cin ƙarfe, da wanda ke hana mai tsinkewa idan inji ya ɗau zafi. Miya ce da aka riga aka daidaita mata gishiri da daddawa. In ka ƙara, ba lallai ta ƙara daɗi ba. Shi ya sa littafin motoci da yawa, har da Toyota da Honda, ba ya ƙarfafa zuba wani ƙari. Abin da yake nema shi ne kauri daidai, irin 5W-30 ko 15W-40, da matakin ingancin mai na API da ke jikin galan, kamar SL, SN ko SP.

Tiritimen ɗin da ya fi yawa a shagunanmu shi ne mai kauri kamar zuma, irin STP da Abro da Lucas. Aikinsa ƙara wa mai kauri. Idan tsohuwar Golf ce ko Sharon da ta gaji da jigilar Maigatari duk Alhamis, ringi ya ci, hayaƙi shuɗi na bin ta a baya, fitilar mai na ƙiftawa idan tana tsaye a sulo cikin zafin Afrilu, to wannan zumar kan rage hayaƙin, ta kwantar da ƙarar inji. Ban musa ba. Amma ringin da ya ci bai dawo ba, lulluɓe ciwon aka yi. Kuma sau da yawa komawa mai mai kauri, wato 20W-50 na gaske, zai yi maka wannan aikin ba tare da ka biya kuɗi biyu ba. Inda nake jan kunne shi ne motoci masu injin VVT-i irin Corolla da Camry. Hanyoyin mansu ƙanana ne, da matsin mai suke daidaita buɗewar bawul. Ka cika musu kauri, da sanyin asuba na hunturu mai ya makara kafin ya hau sama, kuma a wannan ɗan lokacin na tayarwa ne inji ya fi cin kansa.

Sai masu alƙawarin shafe ƙarfe da santsi. A nan akwai tarihi. A Amurka, hukumar kare masu saye ta FTC ta tuhumi masu tiritimen Slick 50, wanda a lokacin yake ɗauke da garin santsi na Teflon, kan tallan da ba su da hujjarsa, aka sasanta a 1997. Kafin nan, a 1995, masu STP sun biya dala 888,000 kan irin wannan zargi. Na Liqui Moly mai MoS2 daga Jamus ya fi su mutunci a wurin bakanikai, kuma sinadarin nasa sananne ne wajen rage gogayya. Sai dai idan man da ka zuba mai kyau ne, da wuya ka ji bambancin da zai kai kuɗinsa. Masu ƙarin zinc kuwa, idan motar na shan mai, sukan toshe katalis ɗin salansa, wato matatar hayaƙi, a hankali.

Fuloshin, wato ruwan wanke cikin inji kafin juye, shi na fi tsoro. Motar da ta shekara tana shan man awo na kwalba a bakin titi, cikinta cike yake da dasƙararren datti. Fuloshin ya ɓamɓaro shi gaba ɗaya, ya je ya toshe rariyar famfon mai, kafin ka kai Ringim inji ya buga. In cikin ya yi datti, gara bakanike ya kwance tukunyar mai ta ƙasa ya wanke da hannu, sannan ka yi juye biyu ko uku kusa da kusa.

Tiritimen mai toshe yoyo kuwa yana kumbura robar sil da ta bushe. Idan ɗan naso ne, yakan riƙe ka zuwa kaka, lokacin da kuɗi ya shigo. Idan gaskit ya yage, ba ruwansa.

To ina kuɗin ya fi amfani? Mu nan ƙura ce babbar abokiyar gabar inji, musamman daga Nuwamba zuwa Maris, ga hanyoyin burji na shiga ƙauye. Ƙurar da ta wuce filtar iska ita ke gurza ringi da silinda kamar sanfefa, kuma babu gwangwanin da ke cire yashi daga cikin mai. Kuɗin tiritimen ɗin, ka haɗa shi ka sayi filtar iska da filtar mai masu kyau, da galan rufaffe daga gidan mai ko dillalin da ka yarda da shi. Ko kasuwar kayan mota ta Ƙofar Ruwa a Kano ka je, ka duba murfi da hatimi, kuma a buɗe a gabanka, domin jabu ya yi yawa. Har galan ɗin da ka zubar ana tsincewa a sake cikawa, don haka ka huda shi kafin ka bar wurin. Motar haya da ke shiga daji kullum, kada ta wuce kilomita 3,000 zuwa 5,000 ba juye idan man gama-gari take sha.

Idan kuwa motar hannu za ka saya, ga inda sanin tiritimen zai yi maka rana. Wasu dillalai na zuba zumar nan don ɓoye hayaƙi da ƙara. Ka zo da sassafe kafin a tayar da ita, ka zaro gejin mai ka murza a yatsa. In ka ga yana jan zare kamar yauƙin kuɓewa, ka ce a yi juye da kuɗinka, a zagaya da ita har ta yi zafi, sannan ku zauna ciniki.