Faifan garmaho, CD ko intanet: wane Please ya dace ka saya?

A watan Maris na 1986 kamfanin Parlophone ya fitar da Please, kundin farko na Pet Shop Boys, wato Neil Tennant mai rerawa da Chris Lowe mai sarrafa na'urorin kiɗa. Wanda ya tashi sayensa yanzu zai tarar da bugu iri-iri, kuma abin da ke cikinsu ba ɗaya ba ne. Kafin ka ciro kuɗi, tambayi kanka ko kundin kake nema kamar yadda ya fito, ko kuwa waƙoƙin da suka zauna maka a kunne daga rediyo.

Tambayar tana da dalili. "Suburbia" da yawancin mutane suka sani ba ita ce a cikin kundin ba. An sake ɗaukarta tare da Julian Mendelsohn kafin a fitar da ita ita kaɗai a watan Satumba na 1986, ta kundin kuwa ba ta kai ta cika da amo ba. "West End Girls" ta cikin kundin ita ce wadda Stephen Hague ya haɗa, wadda ta hau matsayi na ɗaya a Birtaniya da Amurka. Ta farko, da Bobby Orlando ya haɗa a New York aka fitar a 1984, ba ta ciki. In waƙoƙin rediyon ne kawai muradinka, tarin Discography na 1991 ya fi maka amfani.

Faifan garmaho na asali yana da kwarjini, ba musu. Bangonsa fari fat ne, da ɗan ƙaramin hoton su biyu a tsakiya, aikin Mark Farrow. Sai dai farin bango ba ya ɓoye dauɗa, shi ya sa samun mai tsabta bayan shekara wajen 40 yake da wuya. A Discogs, kasuwar faya-fayan kiɗa ta intanet, masu sayarwa suna ba faifai da bango maki daban-daban. Kada ka sauka ƙasa da makin VG+, wato mai kyau sosai da 'yar alamar amfani kaɗan, kuma ka nemi hoton ainihin kayan kafin ka biya. Kiɗan na'ura yana da tsabta da kaifi, don haka ƙaramin ƙarce da zai ɓuya cikin hayaniyar jita a nan fitowa yake sarari, musamman a waƙa mai sanyi irin "Later Tonight". Sannan a duba garmahon kansa. Mai arha da allura mai nauyi cinye faifai yake yi a hankali, kuma waƙoƙin da ke kusa da tsakiyar faifai su suka fi shan wahala, har harafin "s" ya riƙa tsatsa a bakin mawaƙi. In kana son garmaho ba tare da caca ba, akwai sabon bugu na 2018.

Kaset kuwa, sai dai don ajiya. Zaren yana saki, sautin sama yana dushewa.

Ni dai a wurina CD ya fi riba, amma shi ma kashi-kashi ne. Na shekarun 1980 sautinsa ƙasa-ƙasa yake, sai ka ɗan murɗa, kuma wasu sun fi son sa haka saboda gangunan na'ura suna samun sararin bugawa. A 2001 aka gyara sautin aka fitar da faifai biyu da sunan Further Listening 1984–1986, aka sake fitar da shi a 2018. Faifai na biyun shi ne dalilin saye: akwai "In the Night", "Paninaro", doguwar "Suburbia" da ake kira The Full Horror, da wasu dogayen haɗin gidan rawa. A nan ake jin yadda mutanen biyu suke lalube tsakanin kiɗan New York da na Italiya kafin su tsaya da ƙafarsu. Ɗan littafin da ke ciki ma abin karantawa ne, domin suna bayanin waƙoƙin ɗaya bayan ɗaya. A lura, akwai bugu mai faifai ɗaya da ke kama da shi a hoto, don haka a karanta bayanin kayan da kyau.

Sauraro ta intanet shi ne gwajin da ya fi sauƙi. Spotify da Apple Music suna rubuta shekarar gyaran sauti kusa da sunan waƙa. Saurari faifai na biyu a can sau ɗaya. In ka ga kana tsallake dogayen haɗin, CD guda na hannu ya ishe ka.