Manhajar Files ta GNOME: ga kyan gani, amma kayan aikin yau da kullum sun yi ƙaranci

Duk wanda ya girka Ubuntu ko Fedora, nau'o'in babbar manhajar kwamfuta ta Linux, a kwamfutarsa, manhajar da zai riƙa buɗewa don neman takardunsa da hotunansa ita ce Files, wadda tsofaffin hannu har gobe suke kira da sunanta na asali, Nautilus. Kamfanin Eazel ne ya ƙirƙiro ta, ya fitar da cikakkiyar sigarta ta farko a 2001, a cikin shekarar kuma ya rufe, aikin ya koma hannun masu kula da GNOME, wato tsarin fuska da manhajojin da Ubuntu da Fedora suke zuwa da shi. Manhajar da ta haura shekara 20 ana amfani da ita ta kai a auna ta da ma'aunin manya.

Ba za a hana ta yabonta ba. Fuskarta tsaf take, ba ta cika ido da maɓallai, kuma wanda bai taɓa ganin Linux ba zai gane inda ya dosa cikin ɗan lokaci. Tun 2008 take buɗe folda da yawa a shafuka cikin taga guda, abin da masu Windows ba su samu ba sai a 2022. A 2016 an ƙara mata sauya sunayen fayiloli da yawa a lokaci ɗaya, kuma an yi aikin da kyau, domin tana nuna sabon sunan kowane fayil kafin a amince.

Inda gizo ke saƙar shi ne ƙananan abubuwan da hannu yake yi sau da yawa a yini ba tare da tunani ba. A ɗauki mutumin da ya buɗe folda mai ɗauke da ɗaruruwan takardu, yana neman wadda sunanta ya fara da harafin R. A kusan kowace manhaja irin wannan, da ya taɓa harafin sai alama ta sauka kan fayil na farko mai wannan suna, sauran kuma suna nan a gefensa yadda ya bar su. A Files kuwa, taɓa harafin nan bincike yake tayarwa: jerin da yake kallo ya ɓace, wani sabon jeri ya fito, har da fayilolin da ke can cikin ƙananan folda da bai tambaya ba. In ya ga abin da yake nema, ya rasa maƙwabtansa, in kuma yana son komawa sai ya fara soke binciken. Neman abin da ba a san inda yake ba daban, tsallakawa zuwa abin da ake gani a gaba daban, kuma haɗe su da aka yi a sigar 3.6 ta 2012 kuskure ne a ganina. Masu haɗa Ubuntu sun yi shekaru suna maido da tsohuwar hanyar da kansu kafin su haƙura.

Wannan siga ta 3.6 ita ce kuma ta tafi da raba taga gida biyu, wanda a da maɓallin F3 kaɗai ake dannawa. Mai kwashe hotuna daga filashi zuwa kwamfuta yana buƙatar ganin inda kaya suke fitowa da inda suke sauka a lokaci guda, shafuka kuwa ba sa yin wannan aikin, tun da ɗaya ne kawai yake bayyana. Cire-ciren na wannan shekara ne suka sa masu haɗa Linux Mint, wani nau'in Linux ɗin, suka ɗauki sigar 3.4 suka gina tasu manhajar mai suna Nemo.

Abin da ya fi damuna shi ne sabuwar takarda. Mutum ya danna linzami ta dama a fili, zai ga zaɓin buɗe sabuwar folda, amma ba zai ga na sabon fayil ba. Ba wai babu shi ba ne, sai dai ba ya fitowa sai an fara ajiye wani fayil a cikin foldar Templates. Dabarar kanta mai kyau ce, domin ana iya ajiye samfurin wasiƙa ko na rasit a riƙa ɗaukowa, amma sabon shiga ba shi da hanyar sanin haka daga inda yake tsaye, kuma da an saka fayil ɗaya tak marar rubutu tun daga farko da magana ta ƙare. Haka ma goge fayil kwata-kwata da ƙirƙirar mahaɗi (gajeriyar hanya zuwa wani fayil), sai an shiga saituna an kunna su kafin su shigo jerin zaɓi.

Idan ana kwafar manyan fayiloli, ana iya soke aikin amma ba a iya dakatar da shi a ci gaba daga baya, alhali Windows tana yin haka tun 2012. Gumakan da ake jerawa a fuskar kwamfuta kuma an cire su a sigar 3.28 ta 2018, har sai da Ubuntu ta nemi wani ƙari na daban don kada masu amfani da ita su wayi gari su ga fili fayau.

Hujjar masu aikin ba ta banza ba ce. Mutane ƙalilan ne suke kula da manhajar, da yawansu ba biyansu ake yi ba, kuma kowane zaɓi da aka bari nauyi ne da za a ci gaba da ɗauka duk lokacin da aka sabunta ginin. Suna kuma gyara wasu abubuwan: a GNOME 44 an maido da buɗe folda a cikin jeri ba tare da an shiga cikinta ba, a 46 ta 2024 kuma danna layin adireshi ya isa a rubuta inda ake son zuwa, ba lallai sai an haddace Ctrl da L ba. Amma ana cewa an rage kayan ne don sauƙaƙa wa mai ƙaramin sani, alhali shi ne ragin ya fi shafa. Gwani yana da tagar umarni, zai ƙirƙiri fayil da kalma biyu ya wuce abinsa. Malami mai shirya jarrabawa ko ma'aikaciyar ofis mai jera takardu ba su da wata ƙofa sai wannan taga.

Ga wanda aikinsa bai wuce buɗe abin da ya sauke daga intanet da duba hotuna jefi-jefi ba, Files ta ishe shi, kuma zai ji daɗinta. Wanda kuwa yake yini yana kwashewa da jerawa da sauya wa fayiloli wuri, shawarata ita ce ya girka Nemo ko Dolphin ta KDE, wani tsari irin GNOME, a gefe. Dukansu kyauta ne, suna zama lafiya tare da GNOME, kuma a cikinsu F3 yana raba taga biyu har yau.