Fail2ban da jerin amintattu: gadi mai kyau, idan ya san 'yan gida

Fail2ban, manhajar da aka rubuta da Python tun 2004, aikinta ɗaya ne: ta karanta rajistar saba (kwamfutar da ake shiga daga nesa ta intanet), duk adireshin IP da ya yawaita kuskuren kalmar sirri ta sa katangar tsaro ta toshe shi. A saitin asali, kuskure 5 cikin minti 10 na jawo toshewar minti 10. Tana aikin yadda ya kamata, sai dai ba ta san mai gida ba. Mai kula da sabar ma idan yatsa ya zame masa sau 5, waje zai kwana.

Maganin shi ne layin ignoreip, wato jerin adireshin da manhajar ba za ta toshe ba, kuma nan ne manhajar ta cancanci yabo. A rubuta shi a /etc/fail2ban/jail.local ƙarƙashin [DEFAULT]. Kada a taɓa jail.conf, domin sabuntawa na iya shafe gyaran.

ignoreip = 127.0.0.1/8 ::1 203.0.113.7

Biyun farko na sabar ce kanta, na ukun misali ne na adireshinka. Tazara ce ke raba adireshi da adireshi. Yana karɓar adireshi ɗaya, ko zango irin /24, ko sunan DNS. Daga nan sai fail2ban-client reload, a tabbatar da fail2ban-client get sshd ignoreip (sshd shi ne sashen da ke gadin shiga saba daga nesa ta SSH).

Inda take tuntuɓe shi ne shirunta. Idan aka sake rubuta ignoreip a cikin sashen [sshd], maye gurbin na [DEFAULT] yake yi, ba ƙari ba, kuma babu gargaɗi. Adireshin da aka riga aka toshe ma, hanya mafi tabbas ita ce a sake shi da hannu: fail2ban-client set sshd unbanip, sannan adireshin. Umarnin addignoreip kuwa na wucin gadi ne, da an sake kunna manhajar ya tafi.

Babban haɗarin daga mai saiti yake. /24 adireshi 256 ne, /16 kuwa 65,536. Wanda ya sa faffaɗan zango don adireshin gidansa na sauyawa, ya buɗe ƙofa ga duk maƙwabtansa a layin intanet. Intanet ɗin waya ya fi muni, tunda mutane da yawa kan fita da adireshi guda. Gara a kafa VPN mai tsayayyen adireshi, a sa shi kaɗai. Kuma kada a manta da IPv6, sabon tsarin adireshin IP, wanda manhajar ta fara ganewa daga sigar 0.10: kwamfutarka na iya shigowa da shi alhali IPv4 kawai ka rubuta.