Tausar minti 20 da aka yi mini a Jamus

Assalamu alaikum mutanen gida, musamman 'yan uwana Zage-zagi.

Shekara ta uku ke nan ina aiki a wani katafaren sito kusa da tashar jiragen ruwa ta Hamburg, ɗaga kwali, sauke kwali, tun asuba har azahar. A hunturun da ya wuce bayana ya riƙe. Ranar da na kasa ɗagowa daga ruku'u sai da na dafa bango, ranar na yarda na je wurin likita. Ya duba ni ya ce ƙashi lafiya lau, naman bayan ne ya ɗaure, ya rubuta mini tausa sau 6 tare da gashi.

Kwana goma takardar na cikin jakata. Kun san yadda muka ɓata kalmar nan. Magidanci ya ce zai je wurin tausa a Sabon Gari, kafin ya dawo an gama yanke masa hukunci a majalisa. Wani abokin aikina, Bahaushen Kumasi, shi ya ce mini, "Malam, takardar nan tana mutuwa fa. In ba ka fara cikin kwana 28 ba, sai ka sake komawa wurin likita." A nan tausa magani ce kamar allura, inshorar lafiya ke ɗaukar nauyinta. Abin da ke kanka Yuro 10 na takardar, sai kashi 10 cikin ɗari na kuɗin aikin. Masu yin ta kuma karatunta suka yi: mai gashin ƙashi shekara 3 da jarrabawar gwamnati, wanda ya tsaya a kan tausa kaɗai shekara 2 da rabi.

Na ce wa matar da ke karɓar baƙi namiji nake so ya yi mini. Ko ɗaga gira ba ta yi ba, ta ce haƙƙina ne, amma namiji ɗaya gare su, sai na jira mako biyu. Na jira da ciwona. Wannan tsari na alƙawarin lokaci shi ne abin da har gobe yake ƙona mini rai a ƙasar nan. Kana fama yau, a ba ka ranar da ta yi wa littafinsu daidai. Tawul ma da naka za ka zo. In uzuri ya taso maka ba ka sanar da su awa 24 kafin lokacin ba, daga aljihunka za ka biya. Akwai ranar da ƙanƙara ta tsayar da jirgin ƙasa na makara minti 8, to minti 12 aka yi mini aka ce sai wani jiƙon.

Kafin a taɓa ni sai da aka ba ni takardar tambayoyi. Kana da zazzaɓi? Kana shan maganin tsinka jini? Jini ya taɓa daskare maka a jijiyar ƙafa? An taɓa yi maka tiyata? Akwai ƙurji ko rauni a fata? Ciwon suga fa? Na ƙosa, na ce a raina duk wannan don a matsa mini baya? Mai tausar, wani dattijo mai furfura, ya zaunar da ni ya warware mini. In jini ya daskare a sha-raɓa aka murza wurin, gudan jinin na iya ɓallewa ya tafi huhu, mutum ya mutu nan take. Mai shan maganin tsinka jini kuwa matsa kaɗan ke tara masa jini a ƙarƙashin fata. Mai ciwon suga da ƙafarsa ta yi dindiris ba zai ji gashi na ƙona shi ba.

Ya ja labule ya fita don in tuɓe riga. Wandona na jikina, tawul ya rufe duk inda ba a aiki a kai. Ya fara sa mini wata laka mai zafi da aka cuɗa da kaki irin na kyandir, aka naɗe ni na ɗan lokaci, sannan ya ɗumama mai a tafinsa ya ce, "Zan sa hannu a ƙasan bayanka yanzu, ka yarda?"

Da ya kai wurin ciwon ya danna da babban yatsa, sai da na ga wuta. Na cije baki. Ya ce daga 1 zuwa 10, zafin ya kai nawa? Na ce ba komai, ya ci gaba. Ya sake dannawa, na damƙe gefen gadon. Sai kawai ya ɗauke hannunsa, ya zagayo ta wajen kaina ya tsuguna. Ya ce, "Numfashinka ka riƙe, kafaɗunka sun hau kunne. Don me ka ce ba komai?" Ya ce in zafi ya wuce ƙima naman jiki ƙara ɗaurewa yake don ya kare kansa daga hannun, duk abin da ya yi ya tashi a banza. Ya ce shi ba ya cikin jikina, in ban faɗa masa ba ba yadda zai sani.

Wallahi na kwanta a gadon nan ƙwalla na zuba a tawul, ba don bayan ba. Ƙanena na tuna. Yana ɗan shekara tara ya faɗo daga bishiyar mangwaro a Tudun Jukun, aka kai shi wurin wani maɗori. Mu huɗu muka danne shi, har da ni. Yana ihu yana kiran Inna, manya na cewa, "Yi shiru, kai ba namiji ba ne? Aikin ne ke shiga." Ba wanda ya ce a ɗauki hoton hannun. Har yau gwiwar hannunsa ba ta miƙewa sosai. Ban ce maɗora ba su iya ba, akwai masu baiwar da Allah ya sa wa albarka a hannu, na gani da idona. Amma mun ɗauki azaba a matsayin shaidar magani. In bai yi zafi ba, mu a wurinmu ba a yi komai ba. Haka muke wa maijego, tafasasshen ruwa da ganye safe da yamma, gadon wuta, kunun kanwa, ta ce ta gaji a ce raki ne. Tun shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Zariya suka rubuta yadda wannan ke haɗuwa da ciwon zuciya bayan haihuwa, a garinmu fa aka yi binciken, amma har yau a gidaje da yawa ba a tambayar yarinyar ko ruwan ya yi mata zafi. Dauriya hali ne mai kyau, sai dai mun kai ta inda ba wurinta ba.

Daga ranar na koyi buɗe baki. In na ce bakwai sai ya sassauta. Washegarin tausa jiki kan yi tsami kwana ɗaya ko biyu, ya riga ya faɗa mini don kada in tsorata. Ya koya mini motsa jiki iri uku da yadda ake durƙusawa a ɗaga kaya da ƙarfin cinya, ya ce tausa sassauci take bayarwa, in ban canza yadda nake aiki ba zan dawo.

To amma minti 20 na cika hannu ke ɗaukewa, ko da a tsakiyar magana kuke. Ba sannu, ba Allah ya ƙara sauƙi, ba ya mutanen gida. In fito titi ƙarfe huɗu na yamma duhu ya riga ya yi. A lokacin nake tuna Baba in ya dawo daga gona a Dakace, ya kwanta rub da ciki a tabarma ya ce in hau in taka masa baya, ina yi yana sa mini albarka. Da Inna da man kaɗanyarta a murfin kwano, tana murza mini targaɗe tana faɗa tana addu'a, ba agogo, har barci ya ɗauke ni.

Makon jiya na kira gida ƙanwata ta ce ƙafar Inna ɗaya ta kumbura, jikoki na ta murza mata da man zafi. Na ce su ɗauke hannu yanzu-yanzu, a sa ta a mota a tafi asibitin koyarwa na Shika, ba gobe ba. Inna ta karɓi wayar ta ce, "Kai da Turawanka, tausar ma sai da izinin likita?" Na ce, "Inna, ki yi haƙuri ki je, don Allah." Sun je. Alhamdu lillahi ba jini ba ne, gwiwa ce, an tura ta sashen gashin ƙashi. Na roƙi ƙanwata ta nema mata mace, ta kuma zauna kusa da ita ta riƙa kallon fuskarta, don na san Inna ba za ta ce akwai zafi ba.